Lambar jarumtar da ke rataye a ɗakin babana ba ta kakana ba ce

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Ya gida, ya iyali, ya haƙuri da halin da muke ciki. Don Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, don garinmu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Roƙona ɗaya kafin na fara, ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In zagi ne na riga ku, shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma kwana biyu kacal gare ni.

Ni mace ce, shekarata arba'in da biyar, malamar firamare ce a Ƙanƙara, ina da aure da 'ya'ya. Gidanmu na haihuwa da sunan kakana aka san shi, mahaifin babana, wanda kowa ke kira Baba Saje. Yana cikin samarin da Turawa suka ɗiba suka kai yaƙin Bama, ya dawo da tabon harsashi a cinya da lambobi a ƙirji. Akwai na tagulla masu kamar tauraro, irin waɗanda aka ba duk wanda ya je ya dawo. Sai wata guda ta azurfa, mai kan Sarkin Ingila a fuska ɗaya, da ɗan ƙyalle mai ratsin shuɗi da fari da ja. Ita wannan ba kowa ake ba ba, sai wanda ya yi wata bajinta a bakin daga. Shi minda yake ce mata. Labarin da muka tashi muka tarar shi ne, a bakin wani kogi sojan Japan suka buɗe masu wuta, kowa ya nemi wurin ɓuya, shi kuwa ya koma ya goyo mutum uku da aka harba, ɗaya bayan ɗaya, ya haye da su ruwa iya wuya harsashi na sauka gabansa da bayansa. Saboda wannan lamba ce da ya dawo aka ɗauke shi aikin ɗan doka har ya zama babbansu. Da aikin ya samu gona, ya gina gida, ya sa babana boko lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Babana ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya je Makka, mu ma muka yi karatu. Ni tun ina 'yar ƙarama in yara suka tsokane ni sai na ce masu ni fa jikar Saje ce.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, Baba Saje bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba. Wasu ke bayarwa a zaure, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, in an gama ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka rage can. Mu duk mun ɗauka kawaici ne irin na manya.

Ni ce jikarsa mace ta fari, amarya yake ce mini, ni kuma na ce masa angon da ba haƙora. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na gama makarantar horon malamai ke nan ina jiran aiki, don haka jinyarsa ta dawo hannuna. Wata rana da damina, bayan la'asar, maza duk suna gona, ya ce na jawo masa akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Ya fito da lambar azurfar da wani ɗan littafi da ya yi ja don tsufa, littafin da aka ba shi ranar da aka sallame shi daga soja.

"Amarya, ke da kika yi boko, duba bakin mindar nan. Akwai rubutu ƙanana zagaye da ita. Karanta mani."

Na matsa bakin ƙofa wurin haske na karanta. Garba Katsina, sai jerin lambobi, irin lambar da ake ba kowane soja. Ya ce to na karanta na littafin. Shi ma Garba Katsina, amma lambobin daban suke, ba ko kusa. Na yi dariya na ce ashe Turawa ma suna kuskure.

"Turawa ba su yi kuskure ba," ya ce. "Ni na yi shiru."

Sai ya fara magana, yana yi yana hutawa. Ya ce a soja Turawa ba su damu da sunan uba ba, sunanka da sunan ƙasarku suke rubutawa, don haka a rundunarsu Garba Katsina biyu ne: shi, da wani saurayi manomi daga wajen 'Yankara ta ƙasar Faskari. Takwara suke kiran juna, kwano ɗaya suke ci, bargo ɗaya suke shiga in ruwan dajin nan ya jiƙa su. Ranar kogin nan, wancan Garban ne ya koma cikin wuta. Kakana kuwa yana cikin mutum ukun da aka goyo, shi ne ma na ƙarshe, cinyarsa a fashe yana kiran sunan uwarsa. Baturen da ya ga abin da idonsa ya rubuta sunan Garba ya aika sama. Kafin amsa ta dawo an kashe Baturen, shi kuma Garba wani ƙarfen bam ya same shi a kai aka ɗauke shi zuwa asibiti a Indiya, aka daina jin ɗuriyarsa. Da yaƙi ya ƙare aka yi fareti, wani sabon Bature da bai san fuskar kowa ba ya kira Garba Katsina. Babu wanda ya motsa. Samanjansu ya zunguri kakana ya ce ya fita, ai Garba Garba ne, wancan ƙila ya daɗe da mutuwa, gara ta zo Katsina da ta koma Ingila. Kakana ya ce mini ya fita ne da niyyar zai kai wa iyalin takwaransa ita. Amma da suka sauka gida da lambar a ƙirjinsa, makaɗa suka tare shi, mata suka yi guɗa, uwarsa ta rungume shi tana kuka, sai ya ce bari sai gobe. Goben nan ce ba ta zo ba.

Na ce masa to Baba ai kun ɗauka ya mutu ne, Allah ya ga zuciyarka. Ya girgiza kai, hawaye na bin gefen fuskarsa yana shiga kunne. Ya ce bayan wasu shekaru aiki ya kai shi kasuwar 'Yankara, yana cikin kayan ɗan doka, da yaransa 'yan doka biyu a bayansa, da minda a ƙirji. Sai ga wani mutum cikin tsohuwar rigar soja duk faci, ba takalmi, yana sara wa motoci. Mutumin ya tsaya, ya dube shi, fuskarsa ta washe kamar yaron da uwarsa ta dawo daga unguwa. Ya miƙo hannu biyu ya ce:

"Takwara, ashe kai ka amso mani ita?"

Mutane sun fara taruwa. Kakana ya ce wa yaransa su janye mutumin nan, ba shi da lafiya. Suka janye shi, shi kuwa bai yi gardama ba, yana ta waiwaye yana murmushi, yana cewa ba komai takwara, in ka gama aiki ka kawo. Kakana bai sake taka kasuwar 'Yankara ba har ya tsufa.

Ya kama hannuna ya ce in ya mutu na kai mindar can 'Yankara. In mai ita ba shi da rai, yana da ɗiya, don ya bar matarsa da ciki lokacin da aka ɗebe su. Na faɗa masu gaskiya da bakina, na ce takwara na neman gafara. Ya ce babana ba zai iya ba, shi ya sa bai gaya masa ba, ni kuwa ya ga ina da zuciya. Na ce na yi alkawari. Sau uku ya sa na maimaita. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Jama'a, ku ji abin da mai zuciyar ta yi. A zaman makoki gidanmu ya cika, daga Ƙetare, daga Faskari, har daga Katsina aka zo. Wasu tsofaffin sojoji biyu suka zo da sanduna suka tsaya ƙofar gida suka sara. Ina daga cikin gida ina jin babana, Alhaji, yana gaya wa masu gaisuwa cewa mahaifinsu bai bar masu dukiya ba, suna ya bar masu, kuma sunan ya ishe su. Ta ina zan fara? Na fita zaure na ce sunan nan na aro ne? Na ce mutumin da kuka binne shekaranjiya shi aka goyo, ba shi ya yi goyon ba? Na ce wa kaina bari a yi sadakar bakwai tukuna. Ranar bakwai ɗin, muna tuyar waina a bayan gida, na ji ƙanin babana na cewa za a buɗe akwatin Baba a ga takardunsa, a sa lambar a gilashi tare da littafin. Gidanmu 'yan boko sun yi yawa, wani zai karanta ya haɗa lambobin nan biyu. Na shiga ɗakin kamar zan ɗauko tabarma, na zare littafin na sa a zanina, na dawo bakin murhu, na jira matan suka juya baya na tura shi ƙarƙashin tanda. Ina kallo ya ci wuta. Da aka buɗe akwati ba a gan shi ba aka ce ƙila gara ta ci, ko ya ɓace tun tuni. Ni ma na ce ƙila.

Aka sa lambar a gilashi aka rataye a ɗakin Alhaji. Na yi aure, na haihu, na kama aiki. Kada ku ɗauka na manta, ban taɓa mantawa ba, sai dai na koyi zama da abin kamar yadda ake zama da ciwon ƙugu. Har ma na ƙara da nawa. Duk shekara in lokacin tunawa da 'yan mazan jiya ya zo, shugaban makarantarmu kan roƙe ni na aro lambar na nuna wa yara. Ni ke cire ta daga gilashi, na goge ta da toka da lemun tsami, na tsaya gaban ɗalibai na ba su labarin kogi, na ce kakana ne. Su tafa. Don yawan gogewa har na haddace lambobin da ke bakinta. Wace irin malama ce ke koya wa yara gaskiya da amana da safe, ta yi masu ƙarya da hantsi?

Sau ɗaya na gwada. Bayan haihuwata ta uku na yi rashin lafiya har na ɗauka tafiya ce, da na tashi na ce wa maigidana zan je gaisuwa 'Yankara. Ban ɗauki lambar ba, na ce bari na fara ganin wurin. Na tambayi wani tsoho mai sayar da igiya a kasuwa ko ya san Garba Soja. Ya ce wanne, mahaukacin nan? Ai ya daɗe da rasuwa. Ɗiyarsa Hure kuma tana aure can wani ƙauye bakin daji, hanyar ba ta da kyau. Wallahi abin da na ji a raina sauƙi ne. Na sayi daddawa na hau mota na dawo, na ce ai na yi ƙoƙari.

Shekara uku da suka wuce, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen Faskari, mutane suka yi ta kwararowa Ƙanƙara, wasu aka sauke su a azuzuwan makarantarmu lokacin hutu. Muna raba masu abinci na ji wata mata ta ƙwala kira, ina Hure ta Garba Soja, ta zo ta amshi nata. Na juya na ga wata tsohuwa 'yar firit, ta haura tamanin, idonta ya yi yana, tana lallaɓowa da kara a hannu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, an ƙone masu rumbu, ɗanta guda da ya rage ya yi wajen Sabuwa da iyalinsa neman inda zai yi noma, da niyyar in ya samu wuri ya dawo ya ɗauke ta. A ranar na roƙi maigidana ya bar ni na kawo ta gidanmu, akwai ɗakin da muke ajiye hatsi. Ya amince, har ya sa mini albarka. Unguwa ta ɗauka, Malama mai tausayi, jikar Saje ba ta bar gida ba. Ni kuwa na san abin da nake yi. So nake na biya da tuwo da sabulu abin da aka ce na biya da baki.

Inna Hure muke ce mata. Ba ta zama haka nan, ko ta tsinke zogale, ko ta ɓare gyaɗa, ko ta goyi autata. 'Ya'yana suka saba da ita har suna faɗa kan wanda zai kai mata kunu. Ban taɓa tambayarta labarin mahaifinta ba, tsoro nake. Ita ta kawo shi da kanta, wata ranar Asabar muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida hadari ya taso aka yi tsawa. Ta yi 'yar dariya ta ce da babanta na nan da tuni ya shige ƙarƙashin rumbu yana ce wa yara su kwanta ƙasa. Ta ce tana cikin ciki aka tafi da shi, ta fara wayo ya dawo da rami a gefen kai. Wata rana lafiya lau, ya yi noma ya yi sallah ya yi wasa da ita, wata rana kuma sai ya tashi yana fareti shi kaɗai. Uwarta ta yi haƙuri iya haƙuri ta gaji ta tafi. Yara na kiranta ɗiyar mahaukaci. Amma ta ce akwai abin da garinsu ba su manta ba: duk damina in rafin da ke tsakaninsu da kasuwa ya ciko, babanta kan je ya tsaya a mashigi tun safe, ya goya yara da tsofaffi ya haye da su ɗaya bayan ɗaya, ba ya amsar ko goro. In an tambaye shi sai ya ce aikinsa ne. Har ya tsufa bai fasa ba, kuma ruwan nan bai taɓa cin kowa ba yana wurin.

Na sunkuyar da kai ina ɓarar gyaɗa. Ta ci gaba. Ta ce kullum zancensa ɗaya, yana da minda wurin takwaransa, zai kawo in ya gama aiki. Ranar kasuwa ya wanke rigar sojansa ya je inda motoci ke tsayawa ya zauna har magariba. Mutane na tsokanarsa, Garba ina minda, ya ce tana hanya. Bayan an yi mata aure, wata rana ya je gidan mijinta ya tarar da surukanta a zaure, ya fara masu zancen, suna ƙunshe dariya. Ta ja shi gefe.

"Na ce mashi, Baba don Allah ka bar zancen ga. Babu wata minda, babu wani takwara, kunya kake ba mu. Ya dube ni ya ce, to Hure, na bari. Bai sake faɗi ba kau. Bai sake zuwa tasha ba. Kaka na yi ya rasu." Ta share ido da bakin zani. "Ko da ciwon ne ke sa shi, da na bar shi da abinsa, Malama. Me ya rage ni da shi?"

Ta ce abin da ya bar mata kaɗai lambarsa ta soja, wadda aka rubuta sunansa da ita, don kullum da safe sai ya ƙame gaban rumbu ya faɗe ta da Turancin soja, har ta zauna mata kamar waƙa. Ta gyara zama ta rera mini ita tana dariya tana hawaye. Ni da na goge bakin azurfar nan shekara da shekaru, tun ba ta kai ƙarshe ba na san abin da zai biyo. Ko ɗaya ba ta kauce ba. Na tashi na shige banɗaki na toshe bakina da mayafi. Ga dama Allah ya kawo mini har tsakar gidana, me ya hana ni fitowa na durƙusa na ce Inna, babanki bai yi ƙarya ba? Na wanke fuska na fito na ce hayaƙi ne ya shige mini ido.

Bara Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yana magana amma da ƙyar, kuma likita ya ja mana kunne kada a kawo masa abin da zai tayar masa da hankali, don jininsa ba ya sauka. Tun da ya kwanta ba abin da yake so kamar zancen mahaifinsa, ya sa an matso da gilashin daidai inda idonsa ke faɗawa. Watan jiya Inna Hure ta matsa sai na kai ta ta duba shi. Na yi ta kawo dalilai har suka ƙare. Muka je. Da ya ji babanta ma ya je Bama sai ya yi murna, ya ce iyayenmu sun sha wuya tare, ƙila ma sun san juna. Ya ce na sauko da lambar na ba ta ta riƙe. Ni da hannuna na cire ta na ɗora a tafin Inna Hure. Ta juya ta, ta auna nauyinta, ta kai ta kusa da ido ba ta gani, sai ta bi bakinta da babban yatsa a hankali ta ce ashe har da rubutu. Ta daɗe riƙe da ita. Sannan ta ce:

"Allah ya jiƙan mai ita."

Alhaji ya ce amin yana kuka. Ni ma na ce amin. Sai ta tambaya, shi Saje mene ne sunansa na yanka? Alhaji ya yi murmushi ya kau da kai, don shi har yau ba ya kama sunan mahaifinsa. Ya dube ni alamar ni na faɗa. Na ce wallahi Inna mu Saje kawai muka tashi muka ji ana cewa. Har da rantsuwa. Na karɓe lambar na ce lokacin maganin Alhaji ya yi.

A hanyar komawa tana riƙe da kafaɗata, sai da muka kai ƙofar gida ta tsaya ta ce, "Malama guda ba ta rasa sanin sunan kakanta, ɗiyata. Amma ba komai." Ta shige ɗakinta. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta canza mini fuska ba, in na kai mata abinci ta sa mini albarka kamar kullum. Ban sani ba ko ta gane, ko zargi kawai take, ko kuwa jira take kamar yadda ubanta ya jira. Wannan rashin sanin ya hana ni cin abinci. Maigidana ya ɗauka ciwo ne, har ya ce mu je asibiti.

Na je wurin wani malami na ce wata ƙawata ce ta aiko ni. Ya ce amana ba ta tsufa, wasiyyar mamaci kuma nauyi ce a wuyan wanda ya karɓa, mamacin ma yana jiran a sauke masa. Ya ce ƙawar tawa ta gaggauta. Na sani, Malam, na sani. Amma in na gaya wa Alhaji, a halin da yake ciki, wani abu ya same shi, ni na kashe ubana ke nan? Kuma da wace shaida, tunda littafin da zai gaskata ni ni na ƙone shi? 'Yan uwana za su ce tsohuwa ta ji lambobin a bakina ta haddace, ko su ce na haukace. In na ɗauke lambar a ɓoye na ba ta, Alhaji zai buɗe ido ya ga gilashi wayam, a zargi matan gidan da masu zuwa dubiya, na ƙara zalunci kan zalunci. In kuma na gaya mata ita kaɗai, hannu wofi, na ce ta rufa mini asiri, to me na yi? Na sake roƙon gidan Garba su yi haƙuri su bar mana abinsu, bayan duk abin da muka ci a kansa? Wani lokaci na ce bari na jira Alhaji ya cika tukuna, sai na tuna ina zaune ina jiran mutuwar mahaifina ke nan, kuma Inna ta girme shi.

Yanzu ita ma jikin ya ƙi. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na sama sama, abinci sai cokali biyu. Ɗanta ya samu gona da ɗaki a wajen Sabuwa, ya aiko cewa jibi zai zo da mota ya ɗauke ta, ita ma ta ce gara ta ƙarasa a hannun ɗanta. Hanyar can kun san yadda take yanzu, in ta tafi ban san ko zan sake ganinta ba. Ɗazu da hantsi ina haɗa mata 'yan kayanta a buhu ta kira ni ta ce na zauna kusa da ita. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce shekara uku ina ɗawainiya da ita ba dangin iya ba na baba, in ta taɓa ɓata mini ko ta faɗi abin da bai yi mini daɗi ba, na yafe mata don Allah, don ita ba ta son ta tafi da haƙƙin kowa. Ita ke neman gafarata. Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na ji kaina ina cewa ba ki yi mini komai ba Inna. Ta ci gaba da riƙe hannuna, ba ta saki ba, kamar akwai sauran abin da take saurare. Ni na zare hannuna na ce zan duba tukunya.

Tana ɗaki yanzu, ina jin tarinta ina wannan rubutu. Mahaifina na kwance unguwa ɗaya da mu yana kallon gilashinsa. Don girman Allah, iyayena da 'yan uwana masu karatu, ku gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce. Kafin motar nan ta iso jibi, me zan yi?